Gaisuwa Ce Kawai, In Ji Tafinta

Tun da na dawo ba a bar ni na juya masa cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ta zo ta ce, "Maman Sadiya, yaya ƙasar waje?" Waccan ta ce, "An ce har da cokali mai yatsu kika ci abinci." Mama Chinedu kuwa, maƙwabciyata mai shagon kayan masarufi, kullum da tata: "Maman Sadiya, kai ya je ƙasan waje, ko alawa ba ka kawo mana ba." Na gaji da ba da labari guntu-guntu, ga tanda a wuta, in fara daga tsakiya in ƙare a farko. Shi ya sa na samo littafi mai layi na zauna. Karatuna aji huɗu ne na firamare, sai yaƙi da jahilci da na yi da girmana, wadda ta ga kuskure ta gyara a ranta. Ƙasar wajen nan da kuke ta faɗi kuma Nijar ce, a mota muka je.

Bari in fara da abin da ya sa aka ɗauke ni, don ba boko ba ne. Shekara shida ke nan da rasuwar Baban Sadiya. Dillalin shanu ne a karar Bukuru. Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara, kuma a kwana taran nan duk wanda ya leƙo ya ce, "Ya mai jiki?" sai in ce, "Da sauƙi." Har ma'aikaciyar asibiti mai zagayen allurar yara ta tsaya a ƙofarmu ta tambaye ni ko akwai marar lafiya a gidan, na ce mata lafiya lau. Ba ƙarya na yi niyya ba. Haka aka tashe mu, ba a tarbar baƙo da cuta a bakin ƙofa. Ran na goma da muka kai shi asibiti, likita ya ce zazzaɓin nan ne na ɓera, Lassa, da mun zo da wuri... Bai ƙarasa ba, ni ma ban nemi ya ƙarasa ba.

Bayan na fita takaba na shiga cikin matan da ke sa ido kan cututtuka a unguwa. Su suna yawo gida-gida da takarda. Ni ba na son yawo, kun sani, Tina Junction ma inda Sadiya take aure sai da dalili nake zuwa. Aikina a zaune nake yin sa. Ina gindin tanda da safe, mata suna jiran masa suna gaisawa, ni kunnena yana wajensu. In na ji an ce wa mace ɗaya "ya mai jiki" yau, an ce mata gobe, na ji an ƙara da "ya sauran masu jikin", to na san ba mutum ɗaya ba ne kwance. In aka ce "ya haƙuri", an yi rashi ke nan. Sai in ɗauki waya in kira Dakta Kachollom, likitar da ke kula da mu daga ma'aikata. Sau biyu ta zo ta tarar da amai da gudawa tun bai bar gida ɗaya ba.

Ita ce ta zo har gindin tandata daga Tudun Wada wata Asabar, ta ja kujera. Hausar Dakta irin tamu ce ta Jos, mace da namiji duk ɗaya.

"Mama, ka shirya kaya. Za ka bi ni tafiya."

Ta yi mini bayani. Wai ƙasa takan gayyato masana lafiya daga wasu ƙasashe su zo su duba ko ta shirya wa annoba: asibitoci, ɗakin gwajin jini, bakin iyaka, likitocin dabbobi, har da yadda labarin cuta ke tashi daga ƙauye ya isa kunnen manya. Ƙasar ce ke fara auna kanta, sai baƙin su duba, a zauna a yarda a kan kowane fanni. Wanda ya yi kyau a ba shi kore, mai dama-dama rawaya, wanda babu komai ja. An zaɓi Dakta a cikin masu zuwa, kuma suna son mace mai Hausa da za ta shiga gidajen da maza ba sa shiga.

Na ce, "Wato duba-gari ne na ƙasa da ƙasa."

Ta yi dariya. "Duba-gari yana cin tara, Mama. Mu ba mu cin tara. Su ne suka kira mu. Mu ma an zo an duba namu."

Da na gaya wa Sadiya, ba ta yi murna ba. Ta ce, "Umma, don Allah ki riƙe bakinki. Can ba Bukuru ba ce. Baƙo ko da ido makaho ne. Ki ci abin da aka ba ki, ki yi godiya, ki dawo." Na yi mata alkawari. Ku riƙe wannan, don shi ne ya dame ni daga baya.

Mun tashi da sassafe, ni da Dakta da direba, mutum mai shiru kamar an ɗinke masa baki. Na sa suwaita biyu, na ɗauko bargo, na kuma ɗauko rabin buhun dankalin Turawa, don ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Dakta ta kalli buhun, ta shige mota. Muna gangarowa daga tudu, kafin Saminaka na cire suwaita ɗaya. Kafin Kano na cire ta biyun. Bargon kuwa tun daga nan ya zama matashin kai. Dakta tana ta danna na'urarta, direba yana kallon titi. Na ja shi da hira sau uku, abin da na samu "haka ne" sau uku. Sai na koma karanta allunan gefen hanya. Na ga wani gari wai shi ma Tudun Wada, na ce, "Dakta, ga unguwarku ta riga mu zuwa." Ta ce "uhm" ba ta ɗago ba. A Katsina muka kwana, gari ya waye muka nufi iyaka.

Ni a tunanina iyakar ƙasa katanga ce mai ƙofar ƙarfe. Ashe igiya ce da tsummoki a ɗaure, da gangar ƙarfe biyu, da jakuna suna wucewa ta gefe babu mai tambayarsu takarda. Wata yarinya mai farar riga ta ɗora mini bindigar nan ta auna zafin jiki a goshi, na ce mata, "'Yata, a yi haƙuri, masa kawai nake sayarwa." Ba ta yi dariya ba. Ta karɓi katin rigakafina mai ruwan ɗorawa ta duba, ta ce, "Tahi ki kai ma mushe."

Na waiga dama, na waiga hagu. Ban ga mataccen abu ba, ban ji wari ba. Na ce, "Wane mushe kuma, a wajen lafiya?" Ta nuna mini wani mutum da ransa, mai ƙiba, yana shan shayi a bayan tebur. Ashe haka suke kiran ma'aikaci, daga Faransanci. Na je na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe," da ƙarfi, don in wanke abin da na riga na raya a kansa. Shi ne ya ga buhun ya ce, "Hajiya, mi ne ne wanga?" Na ce tsaraba ce. Ya ce, "Ta wa?" Sai a lokacin na tuna ban san kowa a ƙasar ba.

A Maraɗi aka sauke mu a otal. Babu masu gida, babu mai cewa sannu da zuwa ga ruwa. Wani yanki na roba kamar katin zaɓe aka ba ni wai shi ne makulli. Na shige da buhuna, na jingina shi a bango kusa da talabijin. Ɗakin ya fi nawa na Bukuru girma sau biyu, gadon zai ɗauki mutum huɗu, ga na'urar sanyi tana ta huci. Ita kaɗai ce ta tuna mini gida, don sanyinta irin na Jos ne. Na kunna ta na lulluɓa da bargona da rana tsaka. Wayata ta mutu tun a iyaka, layinmu ba ya aiki a can.

Washegari Dakta ta zo ta ce an raba su rukuni-rukuni, ita an sa ta cikin masu duba ɗakin gwajin jini a wani gari, sai ranar ƙarshe za mu haɗu. Ta damƙa ni a hannun mutum uku. Akwai wata doguwar likita daga Habasha, sunanta ya ƙi zama a bakina, na sa mata Madam. Akwai likitan dabbobi daga Senegal, dattijo mai carbi. Sai tafinta, Mushe Sule, ɗan ƙasar, mai kirki, mai Faransanci da Turanci da Hausa duk a baki ɗaya.

Kwana biyu muka yi a zauren taro. An sa mini wani abu a kunne, in na murɗa nan Faransanci, in na murɗa can Turanci irin wanda ba na Jos ba. Na cire na ajiye. Na koma sauraron muryoyi kawai, kamar yadda nake yi a gindin tanda. Ko ban ji magana ba, ina gane wanda ya yarda da abin da yake faɗi da wanda yake gyaran murya kafin ya faɗa. Amma wa zan gaya wa? Lokacin cin abinci a kawo ganye ɗanye, da burodi dogo mai tauri kamar muciya. Na ci ganyen don kunya, ina jiran tuwo, tuwo bai zo ba. Aka ce a dawo ƙarfe goma sha biyar, na yi dariya ni kaɗai, na ɗauka wasa ne. Ashe uku na yamma suke nufi. Da safe in fito in gaida duk wanda na gani a baranda, su ɗaga kai su wuce. Ni da nake gaisawa da mutum hamsin kafin hantsi, na wayi gari ina gaida mai shara sau biyu don in ji an amsa. Hausarsu kuma irin ta fataken da ke kawo wa Baban Sadiya shanu ce, "tahi", "lahiya", "hanƙuri". In na ji ta daga nesa sai in ji kamar yana zaure da baƙinsa, yanzu zai leƙo ya ce a kawo shayi.

Ran na uku aka kai mu wani ƙauye kusa da iyaka, ba zan faɗi sunansa ba. Ƙaramin asibiti ne, ɗaki uku, an shafa masa sabon fenti har warinsa bai fita ba. Mai riƙe da shi mace ce sa'ata, Majo Rakiya. Majo shi ne abin da suke ce wa babbar nas. Ta nuna wa baƙi littafinta, da firjin allura mai aiki da hasken rana, da ɗakin keɓe marar lafiya, komai tsaf. Madam tana rubutu tana gyaɗa kai. Da aka buɗe kwalin abincin rana na ga ganyen nan ya biyo mu har ƙauye, Majo ta kalli fuskata ta ja hannuna.

"Taho, 'yar'uwa. Wanga ba abincinmu ba ne."

Gidanta yana bayan asibitin. Ta zubo mini dambu da zogale, ta dama fura. Na ci har na ji kunya. Muka yi hira, hira ta gaske, irin wadda na yi kwana biyar ina ƙishinta. Na ruga mota na jawo buhun dankalina, da ma na sako shi daga otal ko zan samu wanda zan ba, na dire mata. Ta tafa hannu ta ce ba ta taɓa ganin manya haka ba. Na koya mata yadda muke faten dankali a Jos. Ita kuma ta gaya mini da hannunta ta yi fentin nan, mako biyu ba ta huta ba. Shekararta goma sha ɗaya a ƙauyen, 'ya'yanta suna birni wajen kakarsu, sai hutu take ganinsu. Ta rage murya ta ce an yi mata alamar in ziyarar nan ta yi kyau, za a mayar da ita kusa da su.

"Ki yi muna addu'a mu samu kore," in ji ta.

Na ce, "Kore kam kin samu, in sha Allahu."

Washegari muka koma don ganin mutanen gari. An share ko'ina, an yayyafa ruwa. A zauren mai gari Madam ta yi tambayoyinta, tafinta yana juyawa. Akwai wata cuta da ta shigo kwanan nan? Lahiya lau. Dabbobi fa? Lahiya lau. In wani ya kwanta, wa ake gaya wa? Majo. Kowa ya ji daɗi. Muka fito muka tsaya a inuwa kusa da famfo, ana jiran direbobi su juyo da motoci.

Mata suna layin ruwa. Sai ga wata tsohuwa ta zo da bokiti, ƙarama, ta ɗaura zani har kai. Ta farko ta ce mata, "Inna, ina hanƙuri?" Ta ce, "Da godiya." Ta biyu ta ce, "Ina mai jikin?" Ta ce, "Da sauƙi." Ta uku ta matsa ta ba ta layi, ta ce, "Allah shi tada kafaɗa. Ina bisashen kuma?" Bisashe su ne dabbobi a Hausarsu. Tsohuwa ta ce, "Sai hanƙuri." Ba ta ɗago kai ba.

An yi rashi a gidan, akwai wani kwance, dabbobi ma ba lafiya. Duk a gida ɗaya.

Madam ma ta lura da yadda aka ba tsohuwar layi. Ta tambayi tafinta me suke cewa. Ya ɗan saurara, ya yi murmushi, ya ce mata da Turancin da ko ni na ji: gaisuwa ce kawai.

Na tuna Sadiya. Na tuna dambun da ke cikina tun jiya. Na lallaɓa na je kusa da Majo na ce mata a kunne, "'Yar'uwa, gidan tsohuwar nan akwai cuta."

Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Na ji abin da kika ji. Wallahi ban sani ba sai yanzu, ba su kawo mini kowa ba. Bari su tahi. Da la'asar in je da kaina."

Maganarta ba ta banza ba ce. Garinta ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni wace ce? Mai masa daga Bukuru, wadda aka ciyar. La'asar ma ba nisa. Amma na duba na ga motoci biyu a tsaye, da likita, da likitan dabbobi, da akwatin sanyi na ɗaukar jini. Da la'asar duk sun tafi, sai Majo da ƙafarta, babban asibiti kuwa tafiyar rabin yini ne a kan amalanke. Kuma na san la'asar ɗin nan. Kwana tara na yi ina cewa bari a ga la'asar.

Na ce, "Ki yafe mini." Na juya.

"Madam," na ce, da Turancinmu na kasuwa, "no be greeting only. Person dey sick for dat house. Person don die."

Mai gari ya sunkuyar da kai.

Mu uku muka bi tsohuwar, ni da Madam da Majo, maza suka tsaya a waje. A tsakar gida ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Majo ta ce, "Inna, wa ke kwance?" Ta ce, "Da sauƙi, ɗiyata. An ce muna baƙi za su zo, kar mu ba gari kunya." Ta tsaya a gaban labulen wani ɗaki ba ta matsa ba.

Na sauka daga tabarmar na zauna a ƙasa a gabanta. Na ce, "Inna, ni ba likita ba ce. Masa nake sayarwa. Maigidana ya kwanta, na ce da sauƙi kwana tara. Kowa ya yaba mini da haƙuri. Yau shekarata shida ina cin abinci ni kaɗai."

Sannan ta miƙa hannu ta ɗaga labulen.

Matar ɗanta ce, Balki, yarinya mai goyo. Idanunta sun yi jajir, hancinta da busasshen jini, an kira sunanta ba ta amsa ba. Mijin yana ci-rani. Tsohon gidan ne ya rasu kwana huɗu da suka wuce, bayan ya yanka wani rago marar lafiya don kada ya tafi a banza, ita kuma Balki ita ta gyara naman. Tumakinsu suna ta ɓari. Da aka gaya wa likitan dabbobi wannan, dattijon nan ya tura carbi a aljihu ya nufi garke da gudu kamar yaro.

Abin da zan faɗa a kan Majo Rakiya shi ne ban taɓa ganin hannu mai sauri irin nata ba. Ta kore ni baya, ta sa safar hannu da takunkumi, ta sa wa yarinyar ruwa, ta ɗauki jini, ta ware jaririn, ta rubuta sunan duk wanda ya taɓa naman. Madam ma sai taimaka mata take yi. Kafin azahar mota ɗaya ta tafi da Balki. Amma tun daga lokacin Majo ba ta sake haɗa ido da ni ba. Da za mu tafi na je na ce, "'Yar'uwa." Ta ce, "Sauka lahiya, Hajiya." Jiya ina 'yar'uwa, yau na zama Hajiya. Ta ƙofar gidanta na hango buhun dankalina a jingine.

A mota Mushe Sule ya juyo ya ce, "Hajiya, ni ma cikin gaisuwar nan aka haife ni. Amma a makaranta magana aka koya mini in fassara, ba gaisuwa ba." Madam ta sa shi ya zauna da ni, na jero musu gaisuwar cuta da ta mutuwa da ta dabbobi ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa a littafinta.

Ranar ƙarshe a zauren taro aka haska allo, fanni-fanni, kowanne da launinsa. Dakta ta dawo, tana kusa da ni tana raɗa mini. Da aka zo kan yadda labarin cuta ke fitowa daga ƙauye, na ga kore. Aka yi ta magana, aka yi ta magana. Wani babba na ƙasar ya miƙe, bai gyara murya ba, ya yi jawabi da Faransanci, ya rufe da Hausa: ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Sai koren ya koma rawaya a gaban idona. Aka ce in tashi, aka tafa mini. Dakta ta matse hannuna ta ce, "Mama, ka fitar da ni kunya." Ni kuwa 'ya'yan Majo nake gani a birni suna jiran uwarsu. Na tambayi Madam labarin Balki, ta ce tana raye amma ba a san yadda za ta kaya ba. Na ba Mushe Sule lambata a takarda na ce ya kai wa Majo. Ya karɓa, ban sa rai ba.

Dawowa ba ta da labari. Na mayar da suwaita ɗaya a Saminaka, ta biyun a Jengre. Na buɗe ɗakina na tarar da shi yadda na bar shi, kofi ɗaya a kan tire. Mama Chinedu ta leƙo ta taga.

"Sannu da zuwa! Ya hanya? Ya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ta tafi. Ban gama cire mayafi ba sai ga ta ta zagayo ta ƙofa, ta rufe shagonta da rana tsaka, ta zauna a bakin gadona. "Kai ne ya koya mini wannan magana. Ni za ka yi wa da sauƙi? Oya, faɗa." Ita ce ta fara jin labarin nan, kuma ita kaɗai ta ji shi da kuka. Sadiya da ta ji cewa ta yi, "Ai na san ba za ki iya ba, Umma." Ban gane ko faɗa ne ko yabo ba.

Mako uku ina juya masa, waya tana ɗaure a bakin zanina. Ran wata Talata da hantsi ta yi ƙara, lamba doguwa wadda ba irin tamu ba. Na bar masa a tanda na koma gefe.

"Salamu alaikum. Ina kwana? Ina gajiya? Ina ɗiya? Ina sanyin Jos?"

Majo ce. Na amsa ɗaya bayan ɗaya, kunnena yana neman abin da ke ƙarƙashin muryar. Na yi mata tawa gaisuwar, ina aiki, ina mutanen gari. Na ce ina labarin komawa birni. Ta ce, "Shiru. Wataƙila baɗi." Na rasa ta inda zan ɓullo, don in na tambaya ta ce mini ina hanƙuri, ban san inda zan sa kaina ba. Na rufe ido na ce, "Ina mai jiki?"

"Wace mai jiki?" in ji ta. "Balki? Ta tashi. Jiya na gan ta bakin famfo da goyonta, tana faɗa da wata a kan layi."

Ba ta ce da sauƙi ba. Ta tashi, ta ce.

Na zauna a kan dutsen da ke bayan shagon Mama Chinedu. Ina jin ƙaurin masa tana ƙonewa, mata suna kirana, ban motsa ba.

"Kina ji na?" in ji Majo. "Yanzu ni ma da safe kujera nake kaiwa bakin famfo in zauna. Sun ɗauka hutawa nake yi." Sai ta ƙara da cewa, "Kuma dankalin nan naki ya ƙare, 'yar'uwa. Faten bai yi mini irin yadda kika faɗa ba. Sai ki sake gaya mini, mi ake fara sawa?"